Jan Ido da Farin Ido

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da majinyatanki na asibitin ido.

Ƙarar matar ɗana na kawo miki. Ranar Talata ina haɗa sabulu, ruwan soda ya fantsamar mini a idon dama. Ina laluben man da zan shafa, sai ta kama ƙeyata ta danna ni ƙarƙashin famfo, ta buɗe idon da yatsunta har rabin sa'a, ɗankwalina a ƙasa. Na gaya mata maganar da ba ta dace da bakin mai alwala ba, kuma tun ranar ban amsa gaisuwarta ba.

Yanzu idon ya yi ja wur, ba ya rarrabe baƙaƙen Alƙur'ani. Wata da muka haɗu a layin likita, ita ma soda ce, nata idon fari tas, domin babu wanda ya azabtar da ita da ruwa. Ki gaya mini gaskiya: fushina yana kan hanya, ko girman kai ne?

Yayarki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kash, da ina nan na ga wadda ta iya danne ki!

Wancan farin da kike sha'awa, shi muke tsoro a wajen aiki. Ma'anarsa jijiyoyin jini sun ƙone. Ja kuwa alama ce jini yana zuwa. Siririyar fatar da ke rufe baƙin ido daga gefe take tsirowa, daidai inda baƙi ya haɗu da fari, ta riƙa rarrafowa har ta haɗe a tsakiya. In gefen ya mutu, ba ta da mafari. Soda ba ta daina ci sai an wanke ta, man shafawa kuwa rufe ta zai yi a ciki. Surukarki gefen nan ta ceto miki.

Ki riƙa ɗiga magani, ban da murza.

Ƙanwarki mai rashin kunya.

Ƙanwata,

Bayan sallama. Likita ya ce saura ɗan ɗigo a tsakiya fatar ta haɗe. Tsarki ya tabbata ga Wanda yake ɗinki daga gefe, ba zare ba allura. Jiya na karanta layi uku da idon dama. Waccan matar mai farin ido tana cikin addu'ata.

Yau na je ɗakin matar ɗana, na yi sallama daga bakin ƙofa. Ta yunƙura za ta durƙusa, na riga ta.

Yayarki.