Fas na Kwana Talatin

Abu Hail, Dubai
9 ga Maris, 2012

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Perpetua da yaranta, da duk mutanen kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Yaya idon? Kana ɗiga maganin safe da yamma yadda likita ya ce, ko sai Perpetua ta biyo ka da kwalba? Na san halinka. Ni lafiya ƙalau nake, sai gajiya, ita kuwa ta zame mini rigar sawa.

Na rubuto a takarda domin ka sha cewa maganar waya iska ce. Perpetua, ki karanta masa a hankali, ban da gudu.

Har yanzu ina gyaran matakalar nan mai tafiya da kanta a tashoshin jirgin ƙasa na birnin. Rabin yinina a rami nake, ƙarƙashin ƙafafun mutane, daga ni sai maiko da ƙura. Jirgin yana wucewa bisa kaina kowane ɗan lokaci, kuma Baba, ina sake faɗa maka, babu direba a cikinsa. Ran nan a waya ka ce ƙarya nake. Ban ga laifinka ba, kai da ka yi shekara talatin da ɗaya kana jan jirgi tsakanin Kafanchan da Fatakwal. Wannan ba ya huci, ba ya usur, ko gaisuwa ba a yi masa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wani ɗan Indiya da muke aiki tare ya nuna mini taswirar layin dogon ƙasarsu, sai ka ce saƙar gizo-gizo. Akwai tikitin da suke sayar wa baƙi, fas ne irin wanda reluwe take ba ma'aikatanta a da. Kwana talatin, ka hau jirgin da ka ga dama, ka sauka inda ka ga dama. Nan take na tuna yadda naka fas ɗin yake mutuwa a aljihu kowace shekara. Ka taɓa ce mini hanyar gaba kaɗai ka sani, ba ka taɓa kallon duniya ta tagar gefe kamar fasinja ba. To, ina so in zaunar da kai bakin taga tun idon yana gani. Mu fara da Chennai a nuna wa likita wannan hawan jinin idon, daga nan mu miƙa.

Matsala guda ce. Hutuna kwana talatin ne a shekara, ba zai isa in zo in ɗauke ka, mu nemi biza, mu yi yawon, in mayar da kai gida ba. Amma a kamfaninmu ana haɗa hutu: in ka haƙura da na bana, baɗi a ba ka kwana sittin a jere. Na riga na sa hannu. Ke nan ba zan zo Ista ba. Ka yi haƙuri, shekara kwana ce.

A gaishe da Fasto da 'yan zumuntar maza. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Sati

*

Abu Hail, Dubai
20 ga Oktoba, 2012

Babana,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon? Yaya damina ta bar ku? Wasiƙar Perpetua ta iso, na karanta ta sau uku a cikin motar kamfani.

Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Zafin bana ya nemi ya kashe mu. Akwai ranakun da in na fito daga rami nakan matse rigata kamar wanki, in na dawo ɗaki kuma ko takalmi ba na iya cirewa. Mu shida ne a ɗakin, gado bisa gado. A waɗannan watannin taswirar nan ce ta riƙe ni. Na manna ta a ƙasan gadon da yake samana, ina kwance ina bin layi da yatsa.

Mai gadon saman, Hamissou, Bazandare ne, garinsu babu reluwe, kayan waya yake sayarwa. Tsiya yake mini kullum, wai mutum ya biya kuɗi don ya yi wata guda a zaune. Na ce masa ba laifinsa ba ne, wanda bai taɓa ganin layin dogo ba sai da ya zo Dubai, me ya sani? Duk da haka shi ya raka ni ofishin da ake sayar da fas ɗin, shi ya tsaya har aka rubuta sunanka daidai. Fas biyu suna hannuna yanzu, Baba, cikin Littafi Mai Tsarki na ajiye su.

Ga tsarin yadda yake yanzu. Daga Chennai zuwa Kolkata, kusan awa ashirin da takwas, layin yana bin gefen teku a wasu wurare. Daga can Delhi, sai Mumbai, sai mu gangara kudu inda aka ce jirgi yana shiga cikin dutse ya fito ya hau gada. Na canza tsarin ya fi sau goma, domin duk inda za a wuce wuri mai kyau ina so ya kasance da rana. Gadon ƙasa na nema maka a cikin jirgin, kusa da taga.

Perpetua ta ce kullum sai ka sa ta maimaita maka sunayen tashoshin, har ka yi lissafi da ka cewa jirgin Kolkata mil talatin da bakwai yake yi a awa, wai ba abin kuri ba ne. Na yi dariya har Hamissou ya leƙo. Sai dai sa hannunka a ƙasan wasiƙar ya hau kan rubutunta. Direban da bai taɓa wuce alamar tsayawa ba! Kuma ba ka ce komai game da hotunan da na aiko ba.

Saura wata huɗu da 'yan kwanaki. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba, amma ina ƙirgawa.

Ɗanka mai kewarka,
Sati

*

Abu Hail, Dubai
18 ga Janairu, 2013

Ƙanwata Perpetua,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara. Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Baba.

Ki yafe mini ihun da na yi miki a waya. Ba ke ya kamata in yi wa ba. Magret ta Kafanchan, wadda take aikin kitso a unguwar Satwa a nan Dubai, ba da mugunta ta faɗa ba, ta ɗauka na sani. Bayan sujada ta kawo mini accar da kuka ba ta da ta je gida Kirsimati, tana yi mini jaje, wai da ta shiga gaishe da Baba bango ya fuskanta yana miƙa hannu. Na tsaya riƙe da leda a tsakar majami'a kamar gunki.

Kin ce tun watan Yuni idon ya rufe gaba ɗaya. Kin ce da Ista yana iya gane fuska in an matso kusa. Ista, Perpetua. Hutun da na sa hannu da kaina na ɗaga. Babu wanda ya tilasta mini, ni na je ofis na roƙa, ina jin na fi kowa dabara. Wata bakwai ina neman masa taga, ina juya jirage don hasken rana ya same shi, ashe shi ma ranar sai dai ya ji ta a fata.

Kin ce shi ya hana ki faɗa, wai ba a ɗaga wa jirgi jan tuta a tsakiyar daji, a bar shi ya kai tasha. Na yarda, maganarsa ce. Ya san da wannan tafiyar nake tashi da safe, shi ya sa ya zauna yana lissafa mini mil. Ke kuma kin ɗauki wannan kayan ke kaɗai, kina karanta masa sunayen garuruwan da kin san ba zai gani ba. Allah ya saka miki.

Jiya na je wurin shugabanmu na roƙa a matso da hutun. Ya ce takarda ta riga ta wuce, ɗaya ga Maris ce. Zan zo da fas ɗin. In ya ce mu tafi, za mu tafi, ni zan zauna bakin tagar in riƙa faɗa masa. In ya ce a'a, zan zauna da shi a ƙofar gida kwana sittin, ba ni da wani wurin zuwa.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki san yadda za ki saka masa wannan cikin hira, kamar ba ni na aiko ba. Na rame ƙwarai, kumatuna sun faɗa. Na bar gemu, furfura ta fito a gefen hagu, kuma akwai tabo a goshina inda ƙarfen matakala ya yanke ni. Sati da ya gani na ƙarshe ba haka yake ba. Ki faɗa masa tun yanzu, domin ranar da zai shafa fuskata kada hannunsa ya tsaya yana tambayar ko wane ne.

Ki kula da kanki. Allah ya haɗa mu da alheri.

Yayanki,
Sati