Irin Tumatirin Inna

Talata, 12 ga Agusta

Ruwan jiya ya kayar da tsohuwar katangar bayan gida, ta danne min tumatir gaba ɗaya. Manyan nan da na sayi irinsu a gwangwani ba su dame ni ba, gobe ma in na so sai in sake saya. Ƙananan nan masu tsami, irin da Inna ta zo da shi daga ƙauye, su ne suka tsaya min a rai. Bana na shuka ragowar irin duka, ban bar ko ƙwaya a tokar da muke adana shi ba.

Ina tsaye kan ɓaraguzan sai Hajiya ta ce, "Alhaji, kar ka yi faɗa. Lokacin dashe na ba matar Malam Tanimu guda biyar. An ce sun yi 'ya'ya."

Tanimu na unguwar Kusfa! Mutumin da ya ce a gaban jama'a wai arzikina bai da asali, tun ranar ko gaisuwa ba ma yi.

Na ce mata, "Duk garin nan kin rasa wanda za ki ba sai shi?"

Ta ce, "To ai gara da na ba shi."

Tun ina tura baro a kasuwa ban taɓa roƙon kowa komai ba. Amma shagon da ake sayar da tumatirin Inna babu shi. Hajiya ta ce za ta je ta karɓo, na hana. Abin uwata ne. In na idar da sallar asuba ni zan yi masa sallama da bakina.