Layin Mahaifinmu da Kuka Yanka da Almakashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Reshen Kamfanin Waya na Garwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da zaman benci a ofishinku, kuma har yau ban samu wanda zai kai ni gabanka ba.

Sunana Habibu, ina zaune a unguwar Poumpoumré. Mahaifiyata tana Lagdo, sana'arta bandar kifi. Ƙanena da ke Beljiyam ya aiko mata da babbar waya don ta riƙa ganin 'yarsa da ya sa wa sunanta. Inna ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: sai dai a sa mata layin da take riƙe da shi. Na marigayi mahaifinmu ne. Masu sayen kifi daga Ngong har Marwa wannan lambar suka sani, kuma har gobe "lambar Alhaji" suke ce mata.

Ga kukana.

Na farko. Na kawo wayar da layin ofishinku, na tambaya ko za su yi aiki tare. Ma'aikacinku ko kunna wayar bai yi ba. Ya ce layin ya yi girma, ya ɗauko almakashi ya rage shi. Almakashi fa, ranka ya daɗe, irin na tela! Ya yanka har cikin ƙarfen da ke jikin layin. Da aka sa, wayar ta ƙi karɓa. Aka mayar da shi tsohuwar wayar Inna, nan ma shiru.

Na biyu. Sai daga baya wani mai gyara a kasuwa ya gaya mini cewa wayar a kulle take da kamfanin da ya sayar da ita a Turai, ba za ta karɓi layin kowa ba sai su sun buɗe. Wannan ba laifinku ba ne, na sani, kuma ƙanena yana bin su can. Amma da ma'aikacinku ya gwada nasa layin a ciki, da ya gani nan take, da na koma Lagdo da layin Inna lafiya lau. Wayoyin waje nawa ake kawo muku kullum? Haba!

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Na nemi a sake mana layin da lambarsa. Aka ce sai mai shi ya zo da kansa, riƙe da katin shaida. Na ce ya rasu. Aka ce in dawo gobe, shef, wato shugabansu, ba ya nan. Na dawo, aka sake tambayata ina mai layin.

Yanzu Inna tana aron wayar maƙwabta. Masu saye suna kira ba sa samu, wasu sun koma wurin wasu. Ita cinikin ma bai dame ta ba. Kullum tambayarta ɗaya, ko gaskiya ne idan layi ya daɗe a rufe kuna ba wa wani lambar.

Roƙona shi ne ku karɓi takardar rasuwa da katin Inna, ku mayar da lambar da sunanta kafin ta faɗa hannun baƙo. Sannan ku umarci ma'aikatanku su gwada duk wayar waje kafin su taɓa layin mutum, a kuma kwashe almakashin nan daga teburi.

Idan kuwa dole sai mai layin ya bayyana, to yana maƙabartar Lagdo. Ku turo ma'aikacinku, ni zan biya kuɗin mota in nuna masa wurin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya ji ƙan iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam.

Habibu, ɗan mai layin,
Poumpoumré, Garwa.