Sabi'u, Gobe Za Mu Buɗe Kabarinka

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba zan iya yin abin da zan yi ban sanar da kai ba. Gobe da hantsi za mu buɗe kabarinka.

Bari in faro maka daga tushe. Sojoji sun sauka daga mulki. Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin bin bahasin waɗanda aka azabtar a tsare, suna zama a Kano. Na je. Na tsaya gaban tsohon alƙalin da ke shugabantarsu, na faɗi yadda aka kama ka a layin takin zamani don kawai ka tambayi inda aka kai buhunan manoman Watari. Na faɗi yadda aka dawo mana da kai a bayan a-kori-kura, lulluɓe da tabarma. Na faɗi abin da hannuna ya taɓa da nake yi maka wanka: haƙarƙarinka na motsi kamar karan da aka tattake, wuyan hannunka duk shatin igiya.

Jami'in da ya sa aka tafi da kai yana wurin, Sabi'u. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, ga carbi a hannu. Lauyansa ya tambaye ni ko ni likita ne, na ce manomi ne. Ya ce to zazzaɓi ne ya kashe ka, aka yi 'yar dariya a bayana. Alƙalin bai yi ba. Ya ce idan iyali sun yarda likitoci za su duba ƙasusuwanka, don karaya ba ta ɓacewa ko an shekara nawa a ƙasa.

Tun ranar garinmu ya rabu biyu. Wasu na cewa tona asirin mamaci ne. Malam Liman ya ce ya halatta idan akwai haƙƙi a tsakani, amma kada a yi sai da yardar Inna. Ita kuwa ta ce a bar mata ɗanta ya huta, ta bar wa Allah.

Ran Laraba ina ban ruwan tumatir, wasu mutum biyu suka tsayar da mota a bakin gona. Ban san su ba, amma sun san sunana, sun san makarantar da 'yarka Maryam take. Suka yaba tumatirin, suka tuna mini filin noman rani na gwamnati ne, kuma mai buɗe ruwa shi ke rufewa. Ba su ɗaga murya ba. Da suka tafi sai na zauna a kan kunyar gona. An sake ganin motar a hanyar maƙabarta, shi ya sa muke gadinka bi da bi, ni da abokanka.

Kana ganin na yi daidai? Da kai ne a raye ni a ƙasa, za ka tone ni? Na san za ka yi. Kullum ina maka faɗa kan bakinka, amma akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar nan a layi, da ka yi tambayar da kowa ya haɗiye, daɗi na ji cewa kai ƙanena ne.

Labarin masu motar ya kai kunnen Inna. Ta kira ni ɗakinta, ta ce mai gaskiya ba ya aiko da barazana, in gaya mata abin da na gani a jikinka, kada in rage komai. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambaya ba. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Sannan ta ce a tone, amma kada hannun baƙo ya fara taɓa ka, kuma kada ka kwana a waje. Ta aika an yanko sabon likkafani, ta wanke da kanta. Yana shanye a tsakar gida yanzu, duk wanda ya shigo sai ya kau da kai.

Ban san me zai biyo baya ba. Wataƙila a rufe mana ruwa. Wataƙila binciken ya kwanta a wani ofis, ba a hukunta kowa ba. Amma likitoci za su faɗi abin da suka gani a gaban jama'a, kuma Maryam, da ta taso tana jin ana cewa ciwo ne ajalin ubanta, za ta san gaskiya.

Ka yafe mana tashin da za mu yi maka. Ni zan shiga ramin. Zan bi a hankali, kuma kafin la'asar, in sha Allahu, mun mayar da kai.

Allah Ya gafarta maka, sai mun zo.

Yayanka,
Garba