Kurfotin Da Na Sa Maka A Kaya

Zongo, Kwatano.

Zuwa ga Maigidana, Baban Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Nafisa ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, don haka shi ma ba na iya kiran sunansa.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar babban ɗanmu, Abba. Ya samu permi, wato lasin tuƙin babbar mota, kuma ranar Asabar zai ɗauki kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Malanbil, can bakin kogi a iyakar arewa, hanyarka. Sau uku yana durƙusawa a gabana yana neman in sa masa albarka, sau uku ina tashi in shiga madafa. Ya ɗauka tsoron hanya ne kawai. Akwai abin da bai sani ba, ni da kai kaɗai muka sani. Na san mutane za su karanta wannan a waya. Su karanta, na gaji da riƙe shi.

Ka tuna safiyar tafiyarka? Kana dawowa daga sallar Asuba sai ka tada injin a bakin layi, ka bar shi yana gurnani, ka shigo ka sha koko a nutse. Maman Kosi mai sayar da wake da shinkafa ta yi ta faɗa da yarensu, wai hayaƙinka yana shiga tukunyarta. Kai kuma ka ce, “Inji kamar tsoho ne, ba a tashinsa a ce ruga.” Ni ma na sha yi maka mita, don shanyata duk warin gazuwal, man motar nan, take yi. Yau layin shiru. Har yanzu daidai lokacin nan nake buɗe ido, in kasa kunne, ba abin da nake ji sai masu zemijan, baburan hayar nan, suna wucewa.

A hanya ma haka kake. In lokacin ɗari ya zo, kuka yi kwanaki a bakin iyaka kuna jiran takardun duwan, wato kwastan, ba ka kashe injin. Ɗuminsa kake ja cikin kabin ka yi barci. Kai ɗan bakin teku ne, ƙirjinka bai taɓa shiri da sanyin arewa ba. Kakan ce, “Sanyin bakin kogin nan ba fata yake nema ba, ƙashi yake nema.”

Da Alhaji mai motocin ya tsufa, ɗansa ya karɓi aiki, sai ya sa wata na'ura a kowace mota, mai kai masa rahoto in inji yana aiki alhali mota tana tsaye. Ya kafa doka: wanda ya tsaya, ya kashe. Wanda ya saɓa, ya ajiye makulli. Ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Mai yana ƙonewa a banza, inji yana cinyewa, hayaƙin nan kuma shi ya sa maka tarin da ba ya barinka. Gaskiyarsa ce. Sai dai da ya ce a kashe, bai ce ga abin da za a ji ɗumi da shi ba.

Tafiyarka ta farko bayan dokar, ka dawo murya a dushe. Ka ce da bargo biyu ka kwana, haƙoranka suna haɗuwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Washegari na hau zemijan zuwa kasuwar Tokpa-Hoho. Na zaga har na samu ɗan kurfoti mai kyau, murhun gawayi ƙarami, mai marfi. Na zaɓi gawayi mai nauyi wanda ba ya hayaƙi, na tsince shi ɗaya-ɗaya da hannuna. Ina ɗaure maka kaya na ce, “In sanyi ya matsa, ka hura shi ka shigar da shi kusa da kai, ka rufe gilas ruf kada ɗumin ya gudu.” Ka yi dariya ka ce, “To, yau uwargida ta zama injiniya.”

Baban Nafisa, a Zongo aka haife ni. Ban taɓa wuce Paraku ba. A tsakar gida muke girki, tagoginmu a buɗe suke shekara da shekaru saboda zafi. Ban taɓa rufe ɗaki don sanyi ba, balle in san gawayi yana da wata iska marar wari, marar launi, mai kwantar da mutum ya zarce. Na ɗauka in babu hayaƙi, babu cuta. Shi ya sa ma na zaɓo wanda ba ya hayaƙi.

A wannan tafiyar, can bakin iyaka, Malam Idi abokin tafiyarka ne ya ga ba ka fito sallah ba. Ya buga ƙofar motar, ya sake bugawa, sannan suka ɓalle ta. Ya ce sun same ka a kishingiɗe, bargo har wuya, fuskarka kamar mai mafarkin alheri. Likita ya ce iskar gawayi ce. Mutane suka ce ajali, kuma haka ne. Ba wanda ya tambayi wa ya ba ka kurfotin. Da aka kawo kayanka yana ciki, da sauran toka. Na tura shi ƙarƙashin gado, shekara huɗu yana nan, ina kwana a kansa.

Na yi takaba, na fita. Mata suna ta yabon haƙurina. Ba su san ba haƙuri ne ya rufe mini baki ba.

Watan jiya ƙanena Lawali ya zo ganin gida daga ƙasar Turawa, inda shi ma babbar mota yake ja. Suna hira da Abba a ƙofar ɗaki, ina tankaɗe ina jin su. Ya ce can ma a wurare da yawa an hana barin inji yana aiki in mota tana tsaye, har tara ake ci. Amma motocinsu suna da wata 'yar na'urar ɗumama kabin, girmanta bai wuce burodi ba. Tana tsotsar mai kaɗan-kaɗan, ta hura ɗumi ciki, hayaƙinta ya fita waje ta bututu, babban injin kuwa yana kashe har gari ya waye.

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Ashe akwai abin. Ashe tun kana da rai akwai shi. Can da suka hana, sun bayar da madadi. Nan aka hana kawai, aka bar mata irina suna dabara da abin da suka sani.

Lawali ya zo da guda ɗaya a jakarsa saboda Abba. Ɗan Alhaji ya yarda a ɗaura ta a motarsu da Abba zai ja, har ya ce zai duba ko za a sa wa sauran motocin. Ranar da aka gama, na je garejin da kaina. Ka san tsawon zamanmu ban taɓa hawa motarka ba. Ranar na tattare zane na hau. Cikin ranar Kwatanon nan na ce a kunna, na ɗora hannu ina jin ɗumin, gumi yana zubo mini, makanikai suna dariya wai Hajiya sanyi take ji. Na sauko, na ce a nuna mini inda hayaƙin yake fita. Na durƙusa a ƙasa cikin baƙin mai har sai da na ga bututun da idona. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya.

Duk da haka bakina bai buɗe ba. Na gane ba na'ura ce ta rage ba. Ba zan iya ɗora hannu a kan yaron nan in ce Allah Ya kiyaye hanya, alhali ina ɓoye masa abin da ya kwantar da ubansa.

Jiya bayan La'asar na jawo kurfotin, na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, har kalmomin da na yi maka. Ban ɗaga kai ba. Can na ji ana kiran Magariba a masallacin layinmu. Sai ya sa hannu ya share ƙurar marfin, ya ce, “Inna, sanyi kika so ki kore masa.” Ya roƙe ni in ba shi kurfotin. Ya ce a ƙasa zai riƙa dafa shayi da shi, a fili, kuma duk direban da ya zauna shan shayin sai ya ji labarinsa.

Na ba shi. Na sa masa albarka. Na haɗa masa da bargonka mai ruwan ƙasa, wanda har yau in na kai hanci ina jin gazuwal a jikinsa, ko kuwa zuciyata ce take ji.

Ranar Asabar gidan zai koma ni kaɗai. Ba ya tada mota a bakin layi kamar kai, daga gareji zai tashi, don haka ko gurnanin ban kwana ba zan samu ba. Ba komai. Zan zauna inda na saba zama in kana hanya.

Maigida, ban taɓa neman gafararka a kan wannan ba, don ban san ta inda zan fara ba. Ka yafe mini. Na san da kana nan dariya za ka yi, ka ce injiniya ta yi kuskure. In wata matar direba ta karanta wannan ta cire gawayi daga kayan mijinta, ina roƙon Allah Ya kai ladan gare ka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya kai Abba lafiya Ya dawo mini da shi, shi da duk wanda ke kwana a bakin hanya don ciyar da iyali. Allah Ya haɗa mu a inda babu zafi, babu ɗari.

Ni ce matarka, mai jiranka kamar kullum,
Maman Nafisa