Kafin A Yi Mini Aikin Ido

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki, yaya yara? Da fatan kowa lafiya.

Kin san halina, a waya ban iya cewa komai sai "lafiya lau". To, ba lafiya lau ba ce. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, kada in sa rai. Na dama za su yi wa aiki mako mai zuwa, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Wai in koma masauki in huta.

Ina hutun yake? Gado ɗaya ne a ɗakin da fanka mai ƙara, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. In zauna, in tashi, in buɗe jaka, in rufe. Jiya har na farke bakin wandona na sake ɗinke shi da hannu. Tela guda kamar ni, da ƙyar na zura zare.

Sai na tuna unguwar da aka haife ni tana bayan asibitin nan, rabona da ita tun rasuwar Baba. Na ce idan duhu ne ke tafe, gara in cika idon da abin da nake so. Na je. Filin ƙwallonmu ya zama gidan mai. Famfon da muke faɗa a kai da bokitai, ko alamarsa babu. Gidanmu an ɗora masa bene, wani kare ya kore ni daga ƙofarsa kamar ɓarawo. Na yi ta zagaye har ƙafata ta gaji, ba wanda ya san ni. Gobe zan sake komawa unguwar.

Ki sa ni a addu'a, kada ki gaya wa yara tukuna.

Naki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya haƙuri da ni?

Na sami Ƙusa! Abokina ne da muka tashi layi ɗaya, mun sa masa sunan ne saboda ramarsa. Wata tsohuwa mai sayar da sabulu ce ta nuna mini shagonsa, gyaran fanka da rediyo yake yi. Ƙusan nan yanzu tumbinsa ke riga shi fita daga shago. Ya ƙura mini ido, sukundireba a hannu, sai ya ce, "Tsaka! Wa ya ba ka izinin tsufa haka?" Tsaka suke ce mini saboda hawan katanga. Mun yi dariya har da hawaye.

Muka shiga lissafa 'yan layinmu, kusan duk wanda na ambata sai ya ce Allah ya jiƙansa. Da na tambayi Gola, wanda yake tsare mana raga, sai ya kulle shago ya ce in biyo shi. Gola yana gidan 'yarsa, a ɗakin baya. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da yake shawagi a iska kamar kyanwa! Ya gane ni. Ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ni kuwa na yi ta kallon fuskarsa, ina haddace ta.

Ban yi niyyar gaya musu ciwona ba, amma wajen fita na buga kafaɗa da ƙofa ta ɓangaren hagu, Ƙusa ya tsare ni har na faɗa. Ya yi mini tatas, wai na zo aikin ido ni kaɗai kamar marar kowa, alhali layinmu na nan. Ya kwaso jakata zuwa gidansa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ina ta kallon komai kamar mai bankwana, har tsagar bango. Jibi ne aikin. Tsoro nake ji, ke kaɗai na gaya wa.

Naki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara. Kada ki tsorata da wannan mummunan rubutu, ni ke faɗa, Ƙusa ke rubutawa.

An yi aikin, an cire bandeji. Ina gani, alhamdu lillahi, amma dishi-dishi, kamar ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Likita ya ce haka zai tsaya, zan gane mutum da hanya, amma ni da allura mun rabu. Ban ɓoye miki ba, na yi kuka. Na wuni ina kai da kawowa a tsakar gidan Ƙusa har matarsa ta ce zan cinye musu siminti.

Da zaman ya gagara na tafi wajen Gola. A bayan ƙofarsa na ci karo da keken guragu, 'yarsa ta ce tana zuwa aiki, babu mai tura shi. Na ce ga ni. Yanzu kullum da hantsi muke fita. Ni ne ƙafa, shi ne ido: in ya buga hannun kujerar in tsaya, in ya nuna in karkata. Ya san layin nan yadda yake a da, ba na yau kaɗai ba. Ya tsayar da ni a gaban wani shagon waya da ke gefen gidan man nan, ya yi ta nuna ƙasa, sai na gane nan ne ragarmu take a da. Na kira sunayen 'yan ƙungiyarmu ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, yana dariya da rabin baki.

Ban san abin da zan yi da rayuwata ba idan na dawo, kuma abin yana damuna. Ki gaya wa yara gaskiya yanzu. Sannan ki shigo mota ki zo, ki ga inda na tashi. Ki sa mayafinki mai haske, don in hango ki tun daga bakin layi.

Naki har kullum,
Baban Auta

Madam, Ƙusa ne. Mijinki ko jira in karanta masa bai yi ba, ya sake fita da Gola. Ki zo da wuri, ni na gaji da bin su a baya.