Farin Hankicin Mma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Mma. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in faɗa miki abin da na kasa faɗa wa kowa a gida. Ƙanena Fuseini ya biyo ki lahira, wata biyu ke nan. Yadda aka yi ne nake so ki ji daga bakina.

Kin tuna hankicinki guda biyu? Ɗaya na share gumi, ɗaya fari a ninke, soke a ƙugun zani. Ko majina ce ta zubo mana ba kya taɓa farin. Sai ki ce, "Wannan ba nawa ba ne, na wanda Allah zai jefo ne." Mu kuwa dariya muke miki. Ni da bakina na ce yanzu zamanin tishu ne, wa zai yi ta yawo da tsumma.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na tsefe kaina zan je kitso unguwar Changli, Fuseini ya ce in hau babur ya sauke ni. Ko daga unguwarmu Sakasaka ba mu fita ba wani keken haya mai ƙafa uku, yalo-yalo ɗin nan, ya shigo mana ta gefe. Ni gwiwa kawai na ƙuje. Shi ƙarfe ya yanke shi a cinya, jini yana tsartuwa.

Na zazzage jakata a titi: waya, turare, hoda, tishu. Na danna masa tishun, ya narke a hannuna.

Mma, da ɗankwali a kaina. Na san shi ya kamata in ɗaure masa. Har hannuna ya kai, sai na ga maza sun kewaye mu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, ga gashina a tsefe. Na sauke hannun. Na tsaya ina ihu a kawo tsumma. Wata tsohuwa mai koko ce ta ture ni, ta fizge ɗankwalinta, furfura a waje, ta ɗaure cinyar tamau.

A asibiti suka ce ya zubar da jini da yawa. Kowa na cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma ni kaɗai na san tsawon lokacin da na ɗauka ina jin kunya, ƙanena yana kallona. Matarsa har godiya take mini, wai na tsaya masa. Ba na iya haɗa ido da ita.

Jiya na buɗe akwatinki. Farin hankicin yana nan yadda kika ninke shi, har da ƙamshin sabulunki. Na soke shi a ƙuguna, ko bakin ƙofa ba zan ƙara zuwa ba sai da shi. Wanda Allah ya jefo mini ya riga ya wuce, Mma, kuma ɗanki ne.

Allah ya haskaka kabarinku, ya haɗa ku a Aljanna. Idan kun haɗu, ki roƙa mini shi gafara. Ke yana jin maganarki.

'Yarki da ba ta ji magana ba,
Rahinatu